A Ƙara Wa Babur Gudu, Ko A Maido Masa Da Ƙarfinsa?



Sharhinmu na yau a kan babur ne, kuma daga Ƙofar Marke za mu ɗauko zancen, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Waɗanda suka yanka lungunan cikin gari sun yanka su ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki da mai doki. A yau kuwa babur ne ya gaje su. Shi ke kai yara makaranta, shi ke fitar da mai naƙuda cikin dare daga lungun da mota ba ta iya shiga, shi ke ɗauko buhu daga kasuwa, kuma da shi ɗimbin 'yan kabu-kabu ke ciyar da iyalinsu. Abin da ya shiga rayuwar mutane haka ya cancanci a zauna a yi maganarsa da natsuwa.

Duk wanda ya saba zama a garejin masu gyaran babur ya san koken da aka fi zuwa da shi: babur ya yi sanyi, ba ya ja, ba ya gudu, a ƙara masa wuta. Daga nan sai a shiga jero dabaru. A huda salansa. A cire soson da ke tace iska. A sauya jet ɗin kafireta. A kai bulo a yi masa borin. A kankare kan silinda. Wasu dabarun a wajen abokai aka koyo su, wasu a bidiyon waya, inda matasa ke kallon masu tseren babur na Indonesiya da Tailan suna wucewa kamar walƙiya.

Magana ɗaya nake so in tsaya a kanta. Mafi yawan baburan da ake kawowa don a ƙara musu ƙarfi ba ƙari suke buƙata ba. Ƙarfin da kamfani ya zuba musu ne ya zube a hanya, ƙura da zafi da rashin kula suka cinye shi, kuma da kuɗi kaɗan ana iya maido shi. Wanda ya tsallake wannan ya tafi neman ƙari, galibi ƙara kawai yake saye, ya biya da ran injinsa, wani lokaci ma da ƙafarsa.

Na ga wannan da idona a rumfar wani dattijon bakanike a nan gefen Ƙofar Marke, cikin hunturu. Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya turo babur ɗinsa, ya gaishe shi, ya ce: "Baba, wanga babur ya mace. Ko tudu bai iya hawa da mutum biyu. So nika yi a huda salansa, a hidda soson iska, kamar yadda anka yi ma na abokina." Dattijon bai amsa ba. Ya kwance murfin gefe ya zaro soson, sai ga shi ja wur da ƙura, ya daskare, in ka matsa shi ba ya komawa. Ya kwance fulogi, bakinsa baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya sa yatsa ya ɗaga sarƙa, ta yi lilo har tana dukan murfinta. Ya danna tayar baya da babban yatsa, ta lotsa. Sannan ya ɗago ya ce: "Ɗana, yaushe rabonka da juye?" Saurayin ya sosa kai. Dattijon ya ce: "Wanga ba ƙari shika so ba, kulawa shika so. Zamna ka gani."

Ya sa yaronsa ya wanke soson, aka shanya, aka ɗan shafa masa mai aka matse. Aka juye baƙin mai, wanda ya fita ya zubo tsinke-tsinke kamar ruwan kwata. Da inji ya huce sai ya buɗe murfin kai, ya ɗauko ma'auninsa, wani ƙarfe mai siraran ganyayyaki, ya zura tsakanin bawul da abin da ke danna shi, ya daidaita tazarar. Aka ja sarƙa, aka ɗiga mata mai, aka sa sabon fulogi, aka tura yaro wajen mai faci ya ƙara iska. Saurayin ya zagaya ya dawo yana dariya, ya ce sai ka ce an sauya masa inji. Ba a huda komai ba, ba a kankare komai ba.

Akwai tarihin da ya sa wannan labari bai ba ni mamaki ba. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya lura baburansa ba su daɗewa a ƙasashe masu tasowa, sai ya tura ma'aikatansa suka zagaya birane a Tailan, Malesiya, Indonesiya, Filifin, Iran da Pakistan don su ga yadda ake amfani da su. Abin da suka tarar ku da ni mun san shi: mutum uku ko huɗu a kan babur guda, kaya gaba da baya, baƙin mai ba a juye shi sai ya zama kwalta, matacin iska ya toshe da ƙasa, ba a zuwa wajen gyara sai babur ya ƙi tashi. Maimakon su ɗora laifi a kan masu hawa, sai suka koma gida suka ƙera inji mai jure wahala, mai sauƙin kwancewa, da soson iska wanda ake wankewa a mayar. Shi ne CG125, ya fito a 1975. Da yawa daga cikin baburan Caina da suka cika titunanmu a kan tsarin wannan injin aka gina su. Ita ma Bajaj ta Indiya da irin wannan tunani ta yi Boxer. Ƙarfin CG125 bai wuce na doki 11 ko kusa da haka ba, ƙaramin Boxer kuwa wajen 8. Masu ƙera su sun san yadda za su fitar da fiye da haka. Da gangan suka rage, domin injin ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a cikin zafi. Wannan rarar da suka bari, ita ce mai neman ƙarin wuta yake cinyewa.

Mu fara da iska, don ita ce aka fi yi wa rashin adalci. Inji mai cc 125 da ke juyawa sau 6,000 a minti, in an buɗe masa totur, yana zuƙar iska kusan lita 300 a minti ɗaya. Ku kwatanta wannan da iskar Sakkwato a Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke rufe gari, mutum ya share tsakar gida da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwanciya. Wannan ƙurar garin yashi ce, kuma yashi ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan aka cire soso, kai tsaye take shiga, ta haɗu da mai, ta riƙa goge bangon silinda da ringi a kowane hawa da saukar fistin. Gaskiya ne ranar farko mai babur zai ji injin yana gurnani, ya ji kamar ya fi amsa totur. Bayan 'yan watanni sai hayaƙi mai shuɗi ya soma fita ta baya, baƙin mai ya riƙa raguwa ba tare da ɗiga ba, kik ya yi laushi a ƙafa. Matsin da ke ba inji ƙarfi ya tsere ta gefen ringi, kuma babur ɗin ya fi dā sanyi.

Sai kafireta. Aikinta ta gauraya iska da fetur bisa ma'auni, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur in aka auna da nauyi. In fetur ya yi yawa, inji ya yi nauyi, ya riƙa tari, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza. In fetur ya yi kaɗan, wutar cikin silinda ta yi zafi fiye da kima, domin shi kansa fetur yana taimakawa wajen sanyaya kan fistin da bawul. A nan ne haɗarin yake, musamman tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ci gaba da hawa. Tun daga lokacin ɗan kabu-kabu na son abu biyu a tare: babur ya yi gudu, kuma kada ya sha mai. Sai a matse masa jet, a kuma buɗe masa iska da salansa. Injin da aka yi wa haka yakan yi wata irin zaƙin murya, ya yi sauƙin tashi sama, mai shi ya yi ta yabon bakanike. To amma Hausawa sun ce idan ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Wata rana a kan hanyar Illela ko ta Gusau, da tsakar rana, totur a buɗe, sai fistin ya kumbura ya kama bango, ko kansa ya huje. Shi ne a ce inji ya buga.

Gane wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A kwance fulogi bayan tafiya mai ɗan nisa a dubi bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ma'auni ya yi daidai. In ya yi baƙi, fetur ya yi yawa ko soso ya toshe. In ya yi fari fat kamar an ƙona ƙashi, to a tsaya, injin na cin kansa. Kuma a tuna waɗannan injuna ba su da ruwan sanyaya su. Iskar da ke ratsa haƙarƙarin jikin silinda ita kaɗai ce gatansu. A Afrilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, iskar da za ta sanyaya injin ita ma da zafinta take zuwa, kuma ta fi ta lokacin sanyi sakayau, don haka ko lafiyayyen babur yakan ɗan rage ƙarfi a bazara. Wannan ba ciwo ba ne da za a nema wa magani. Abin yi shi ne a kankare laka da daskararren mai daga haƙarƙarin, a kuma cire duk wani adon roba ko ƙyalle da ya tare wa inji iska.

Salansa ce matasa suka fi so, don ita ake ji. A inji mai bawul irin na Boxer da dangin CG, huda salansa ko zare cikinta ba ya ƙara wani abin a zo a gani. Abin da ya fi yi shi ne rage jan da babur ke da shi a ƙaramin juyin inji, wato daidai inda mai ɗaukar fasinja ya fi buƙata, tare da karkatar da ma'aunin kafireta zuwa ƙarancin fetur. A inji mai hayaƙi kuwa, wanda ake zuba wa man 2T, irin Jincheng AX100 da aka kwaikwayo daga Suzuki, ɓarnar ta fi yawa, domin a irinsa salansa wani ɓangare ce ta injin. Wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya fi kowa nuna wa duniya haka. Ya yi shekaru yana lissafin tsawo da faɗin bututun hayaƙi, yadda bugun iskar da ya fita zai dawo a daidai lokaci ya tura fetur ɗin da ke shirin tserewa ya koma cikin silinda. A 1961 ya fitar da ƙarfin doki 25 daga inji mai cc 125, fiye da ninki biyu na abin da baburanmu ke bayarwa. Da awo da alƙalami da gwaji aka kai can. Sannan injin tsere ba a sa ran ya kai shekara, kwance shi ake yi a sauya kayansa bayan 'yar tafiya kaɗan, kuma kamfani ke biya. Ɗan kabu-kabun da ke da balas a wuyansa kullum, wa zai biya masa?

Ban da haka akwai haƙƙin maƙwabta, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Lungunan cikin gari matsattsu ne, katanga na kallon katanga, ƙara ba ta da wajen fita. Bayan kowace katanga akwai jinjiri da aka sha wahala kafin ya yi barci, akwai tsoho mai hawan jini, akwai sahun salla, akwai malami da ɗalibai a zaure. Yaro ɗaya da hudajjiyar salansa yana iya tada unguwa guda da ƙarfe ɗayan dare, kuma ko taƙi ɗaya bai riga kowa isa gida ba.

Mu zo kan borin, inda ake yawan ruɗa mutane. Idan silinda ta cinye, akan kai ta a faɗaɗa ramin kaɗan a sa fistin mai ɗan girma, ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, har zuwa 1.00. Gyara ne mai kyau, yana maido da matsin da ya ɓace. Amma kada wani ya ce maka ya mayar da babur ɗinka babba. Faɗin silindar CG125 milimita 56.5 ne. In aka ƙara 0.50, cc 124 ta koma 126, ƙarin da ko jikinka ba zai ji ba. Duk wanda ya kai lafiyayyar silinda aka yi mata borin don neman gudu, ya zubar da gyara ɗaya daga cikin 'yan gyare-gyaren da take da su a rayuwarta.

Abin da ke ƙara ƙarfi da gaske shi ne sauya bulo da fistin gaba ɗaya, a ɗora na 150 mai faɗin milimita 62 a kan gindin 125. Wannan ƙarin kusan kashi ɗaya cikin biyar ne, kuma mai hawa zai ji shi a tudu da lokacin ɗaukar kaya. Ba na cewa haramun ne. Ina cewa aiki ne mai jan wasu ayyuka. Dole a sake daidaita kafireta, don babban ciki ya fi cin abinci. Dole a duba kuloci, don faifan da aka yi wa ƙaramin ƙarfi zai soma sulɓi. Wani lokaci sai an faɗaɗa bakin gindin injin kafin sabon bulo ya zauna. Zafi zai ƙaru, alhali man da ke zagayawa yana nan yadda yake, kusan lita ɗaya. Sannan sai a yi haƙurin ɗaruruwan kilomita ana lallaɓa shi kafin ringi su zauna, abin da mai neman kuɗin cefane ba kasafai yake iya jurewa ba. In kuma kayan na araha ne, waɗanda kwalinsu ya fi ƙarfensu kyau, to an yi asara biyu. Wanda aikinsa ke buƙatar 150, shawarata ya tara ya sayar da nasa ya sayi 150 daga kamfani, domin shi yana zuwa da birki da kuloci da gangar jikin da aka auna da ƙarfinsa.

Kankare kan silinda don ƙara matsi kuwa, a wannan gari ban ga hikimarsa ba. Inji mai matsi sosai fetur mai inganci yake so, mu kuwa sau da yawa man kwalba muke saye a bakin hanya, ba mu san abin da ke ciki ba. Ko na gidan mai ma, ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata wa mutane ababen hawa a wasu biranen ƙasar nan. Matsi mai yawa, ga zafin bazara, ga man da ba a tabbatar da shi ba, sai ka ji inji na ƙyas-ƙyas in an ja totur a tudu. Wannan ƙarar fetur ne ke fashewa ba a kan ƙa'ida ba, yana sarar kan fistin. Haka nan akwatin wutar da ake kira CDI na tsere, wanda ke barin inji ya yi ta juyawa ba iyaka. A juyi 7,500 a minti, fistin na hawa da sauka sau 125 a daƙiƙa ɗaya. In aka wuce inda aka tsara, bawul ba ya samun komawa mazauninsa kafin fistin ya iso, sai su yi karo.

To shin babu wani sauyi mai amfani? Akwai, kuma shi ne aka fi rainawa: haƙoran da sarƙa ke hawa. Ƙaramin faifai na gaba da babba na tayar baya su ke raba ƙarfin inji tsakanin ja da gudu. Ba sa ƙara ƙarfi, rabo suke sauyawa. Wanda aikinsa ɗaukar buhun albasa ne daga fadamun Kware da Gwadabawa, ko ratsa rairayi da mutum biyu, ya ƙara haƙora biyu ko uku a faifan baya. Zai rasa ɗan gudu a miƙaƙƙen titi, amma babur zai tashi da kaya ba tare da an ƙona kuloci ba. Wanda kuma kullum yana kan doguwar hanya shi kaɗai, daga Sakkwato zuwa Bodinga ko Illela, yana iya ƙara haƙori ɗaya a gaba, daga 14 zuwa 15. Juyin injin zai ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari a gudu iri ɗaya, ya rage kuka, ya rage shan mai. Bakanike na kirki kafin ya taɓa komai zai tambaye ka wace hanya kake bi, me kake ɗauka. Kuma in za a sauya, a sauya sarƙa da faifan biyu tare, don tsohuwar sarƙa cinye sabon haƙori take yi.

Baƙin mai ma a kula da shi. A irin waɗannan babura, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa kulocin babur sulɓi, inji na kuka taya ba ta amsawa. A duba jikin galan a ga alamar JASO MA, ita ce shaidar an yi shi don babur. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro kuwa, wanda ba a san asalinsa ba, a bar shi.

Yanzu bari mu ɗauka an yi nasara, ƙarfi ya ƙaru. Nawa ne ribar? Iska na tare mai gudu, kuma turjiyarta ba ta tafiya daidai da gudun, gaba take yi da shi nesa. Don a ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, ana buƙatar ƙarin ƙarfi wajen kashi 33 don a keta iskar. Ke nan duk wahalar ɗora bulon 150 ba za ta ba ka ko kashi 10 na ƙarin gudu ba. Daga Ƙofar Marke zuwa babbar kasuwa, ko zuwa Ƙofar Atiku, inda ga mai kura, ga ɗan makaranta, ga Keke Napep, ga awaki, wannan ƙarin ba zai rage maka ko minti ɗaya ba.

Abin da zai ƙaru da gaske shi ne nisan tsayawa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, mai 80 kuwa mita 22, tun kafin ƙafarsa ta taka birki. Bayan ya taka, nisan da mai 80 zai ja kafin ya tsaya ya kusa ninka na mai 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4. Dokar hanya ta Najeriya kuwa kilomita 50 a awa ta yanka wa babur a cikin gari. Duk da haka, a cikin masu zuwa neman ƙarin wuta, da wuya ka ji wanda ya ce a duba masa birki. Mafi yawan baburanmu birkin ganga gare su gaba da baya, wanda in ya yi zafi yake sakewa. Da yawa ma sun saki wayar birkin gaba ta yi lako-lako, wai tsoron kada ya kayar da su, alhali in aka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Ga taya ta goge ta yi sumul. Ga hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta soma tilasta sawa tun 1 ga Janairun 2009, har yau ƙalilan ne ke sa ta.

Wanda ke shakkar inda wannan ke kai mutum, ya je dubiya sashen haɗurra na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko zauren wani maɗori a cikin gari. Zai ga samari masu jini a jika an ɗaure musu ƙafa da ƙarfe, uwa na zaune a gefe da kwanon abinci, an sayar da babur ɗin don a biya magani. Zai ga kuma waɗanda ba su ji ba ba su gani ba: fasinjar da ta hau don ta je awo, da yaron da aka aika sayen sikari. Lokacin bukukuwan aure da salla, da samari ke fitowa wasa da babur suna ɗaga tayar gaba, iyaye sun san irin fargabar da ake kwana da ita.

Saboda haka maganata ta ƙarshe ga makanikai ce, kuma da girmamawa nake yin ta, don na san irin basirar da ke hannunsu. Mutumin da ke sauraron inji ya gaya maka bawul ne ko sarƙar ciki ce, ba ƙaramin masani ba ne. Amma mai babur amana ya kawo. In yaro ya zo da buƙatar da za ta kashe masa inji, gaya masa gaskiya ya fi karɓar kuɗinsa, ko da zai yi fushi ya tafi rumfar gaba. In kuma an yarda za a ƙara ƙarfi, a sa sharaɗi: sai an gyara birki gaba da baya, sai an sauya tayar da ta goge. Kunne kuma yana da iyakarsa. Tazarar bawul ɗin CG milimita 0.08 ce, ta bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7. Ba idon da ke auna wannan. Ma'aunin tazara ba shi da tsada, na gwada matsin silinda ma rumfuna uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya. Da shi za a san ko inji na buƙatar borin ko wanki kawai, kafin a kwance shi.

Ina kuma kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a na jihar nan, tare da ƙungiyoyin makanikai da na 'yan kabu-kabu, su zauna su tsara gajeren horo na yamma da harshen Hausa ga yaran gareji. Akwai dalilin gaggawa. Tun Afrilun 2020 da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi, akasarin sababbin baburan da ake sayarwa a can sun bar tsohuwar kafireta, sun koma tsarin da 'yar kwamfuta ke auna fetur tana fesawa. Indiya na cikin manyan ƙasashen da muke sayen babur a wajensu, kuma abin da ya zama ruwan dare a can ba ya daɗewa bai iso nan ba. Irin wannan injin ba shi da jet ɗin da za a matse, ba shi da sukurun da za a murɗa da kunne, na'ura ake jona masa ta faɗi ciwonsa. Yaron da ke wanke soso a rumfar Ƙofar Marke yau, shi ne zai karɓi waɗannan baburan in sun iso, kuma ya kamata su tarar ya iya karanta abin da na'urar ta nuna.